Majinyaciyar Bakin Taga

Shekara talatin da ɗaya ina jinyar mutane,
tun daga ƙofar ɗaki nake gane zazzaɓi,
amma ga ni a falona na Barnawa,
tsugune gaban tukunyar fure,
na rasa inda zan taɓa in ji bugun jini.

Ƙanwata Tabawa ce ta bar min ita
ranar da aiki ya ɗauke su zuwa Fatakwal.
Ta ce, "Yaya, sunanta tsuntsuwar aljanna,
ba ta da fitina, ɗan ruwa kawai."
Ganyenta irin na ayaba,
sai dai ya fi na ayaba jin kai.

Ba a yi wata biyu ba
ganyen ƙasa ya yi rawaya kamar idon mai shawara.
Na ce ƙishi ne, na ba ta ruwa.
Na biyu ya bi sahun yayansa, na ƙara.
Safe, la'asar, bayan isha'i,
kamar allurar da likita ya rubuta.

Sai gefen ganye ya ƙone,
irin ƙunar takarda da ta matsa kusa da aci-balbal.
Na zargi fanka, na kashe ta, na kwana cikin gumi.
Na zargi ruwan famfo, na tari na sama a bahon wanki.
Na ɗaga wani ganye, sai ga fararen ƙwari
sun yi sansani kamar ɓurɓushin auduga.
Na bi su ɗaya-ɗaya da tsumma da ruwan sabulu,
na fesa jiƙon darbejiya har falo ya yi ɗaci.
Inda ganye ya tsage kuwa,
kada ku yi dariya,
filasta na liƙa masa.

Ranar Asabar na rungume ta cikin Keke Napep,
ganyenta na marin direba a ƙeya,
har wajen Baba Bitrus mai furanni a bakin kogi.
Bai ko kalli ganyen ba.
Ya luma yatsa cikin ƙasa, ya shinshina,
ya kife tukunyar: gindinta ko huda ɗaya babu.
Saiwoyin suka zubo baƙi ƙirin,
luguf kamar taliyar da aka manta a wuta,
suna warin kwata.

Ya ce, "Mama, ba ƙishi take ji ba.
Nutsewa take yi."

Na yi shiru.
Na tuna sau nawa na tsawata wa masu jinya
da ke ɗura wa mara lafiya kunu yana girgiza kai.

Ya yanke ruɓaɓɓu da wuƙarsa mai kaifi,
ya huda sabuwar tukunya da ƙusa,
ya cuɗa ƙasa da yashin kogi da garin gawayi.
Ya ɓare filastata a hankali, ya miƙo min.
"Wannan ba rauni ba ne,
hanya ce ta buɗe wa iska ta wuce.
Ki ajiye ta a tagar gabas.
Ki sa yatsa har gaɓa biyu,
in ya fito da damshi, ki mayar da butarki."

Ban taɓa karɓar magani mai wuyar sha kamar wannan ba.
Kwana tara buta na kallona, ina kallonta.

Yau da asuba na ga wani abu a tsakiya,
kore shar, a naɗe kamar tabarmar baƙo,
bai yanke shawarar kwana ba tukuna.

Tabawa ta kira, tana tambaya ko ta yi fure.
Baba Bitrus ya ce sai an shekara da shekaru,
wata ma a cikin ɗaki ba ta yi sam.
Na ce mata, "Da sauƙi, tana numfashi."
Na sa yatsa, ya fito da laima.
Na ɗauki butar na fita tsakar gida,
na yi alwala da rabon ruwanta.